Mai Gadin Dare a Sheffield

Ƙarfe biyun dare, ruwa na tsiyaya a kan Sheffield,
ni kaɗai a bakin ƙofa, da butar shayi da littafin rajista.
Shekara tara ke nan ina gadin gidan kwanan ɗalibai,
hawa shida, ɗaki ɗari da arba'in.
Na san takun mai lafiya,
na san na wanda ƙasa ke yi wa rawa.

Daren Juma'a kwalabe ke haihuwa.
Da safe Doreen mai shara takan ƙirga su tana tsaki,
ni kuwa yara nake ƙirgawa:
wa ya fita, wa ya dawo,
wa aka ɗauko kamar buhun gero.
Na koyi kwantar da mutum ta gefe, in ɗaga masa haɓa,
kada amansa ya zama ajalinsa.
Ba a koya mini wannan a kwalejin malamai ta Gumel ba.

Lawandi ya zo a Satumba, ɗan Azare,
da akwati ɗaya da yajin da uwarsa ta ƙulle a leda.
Ya ji ina waya da Hausa, ya tsaya kamar ya yi tsintuwa.
"Baba, ashe akwai namu a nan?"
Akwai, na ce, amma sai da dare.

Sai rana ta koma faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu.
Wanda bai yi hunturu a ƙasar nan ba
bai san kaɗaici na da nauyi ba.
Yaro ya daina tsayawa gaisuwa.
Ƙwaya ɗaya don ido ya buɗe a kan littafi,
wata don ya rufe,
kwalba a tsakani, don abokai su daina kiransa liman.
Na gani. Na ja bakina.
Na ce ba ɗana ba ne, albashin ƙofa nake ci, ba na wa'azi ba.
Shirun nan har yau bai bar ni na yi barci mai daɗi ba.

Sha ɗaya ga Disamba,
Niamh ta sauko ba takalmi, numfashi na sarƙe ta.
Hawa na huɗu, ƙasan banɗaki,
leɓunansa kamar an rina su da baba.
Waɗanda suka zuba masa sun tarwatse, tsoron kora.
Ita ta tsaya, ita ta buga waya.
Na riƙe kansa, ina kiran sunansa, ina kiran sunan Allah,
har fitilar motar asibiti ta fara wasa a bango.

Kwana uku ya dawo, ya rame kamar sillen kara.
Ban ce masa haramun ne ba, ya riga ni sani.
Na zuba masa shayi mai citta da kanumfari,
na ce, "Zauna. Me ke cin ka?"
Ya yi ta magana har asuba,
gonar da aka sayar aka turo shi,
jarrabawar da ya faɗi,
wayar uwarsa da yake kallo har ta katse.
Gari na wayewa na raka shi ofishin masu ba da shawara,
na jira a waje, hula a hannu.

Yanzu daren Juma'a kicin ɗin hawa na huɗu
ƙamshin garau-garau yake yi.
Lawandi a kan tukunya,
Niamh na yanka albasa tana share ido,
wani dogo Callum na neman ruwa, yaji ya kama shi.
A jikin firij sun manna takarda da lambar gaggawa:
"Kada ka bar abokinka shi kaɗai. Kira. Kunya ba ta kai rai ba."

Ba zan ce an gama ba,
Doreen na nan tana ƙirga kwalabenta,
kuma abin da ya shiga da buhu, da cokali yake fita.
Amma butata ba ta hucewa.
Na ƙara kujera ɗaya a bakin ƙofa,
kuma duk yaron da ya wuce kansa a sunkuye
ina kiransa da sunansa,
ko da zan karya sunan a bakina.